Ƙara wuta ba zai hana madarar firji lalacewa ba

Idan madarar da aka dumama a masana'anta ta lalace a cikin firji kafin ranar da aka rubuta a jikin robarta, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne ba a ba ta wuta sosai ba. Ina ganin wannan fahimta tana kai masu sana'ar madara ga zuba kuɗi inda ba nan matsalar take ba.

Dumamawar da aka fi amfani da ita ita ce a kai madara digiri 72 a ma'aunin Salshiyas na tsawon daƙiƙa 15, wanda ya isa ya kashe ƙwayoyin da ke haddasa tarin fuka da sauran cututtukan da ɗanyar madara ke ɗauka. Sai dai akwai dangin bakteriya, irin su Paenibacillus da wasu jinsunan Bacillus, waɗanda idan rayuwa ta yi musu tsanani sukan dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri su kwanta, kamar yadda gaiwa ke shigewa cikin taɓo da rani tana jiran damina. A wannan hali zafin digiri 72 ba ya yi musu komai. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wasunsu suna iya farkawa su hayayyafa a cikin sanyin firji. Ɗaya daga cikinsu, Bacillus weihenstephanensis, a 1998 masana a Jamus suka bayyana shi a matsayin jinsi mai jure sanyi. Aikin waɗannan ƙwayoyi ne ke sa madara ta yi gudaji ba tare da ta yi tsami ba, ko ta ɗauki ɗaci, ko mai saye ya ga 'yan guntayen maiƙo suna yawo a saman shayinsa.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda masanan Jami'ar Cornell ta Amurka suka wallafa a 2009. Sun dumama madara a matakai daban-daban, daga kusan digiri 73 zuwa 85, suka ajiye ta a sanyi suna ƙidayar ƙwayoyin da ke ciki, sai suka tarar wadda ta fi shan wuta ita ce ta fi tara ƙwayoyi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne zafin yakan tayar da waɗanda ke barci a cikin ɓawo, yana kuma lalata sinadaran kariya da Allah ya halitta a cikin madarar kanta. Zafin da ke gamawa da su sai ya kai digiri 135 ko fiye, irin na madarar kwali da ke zama watanni a kanta, amma ita ɗanɗanonta daban ne, kuma ba kowace masana'anta ce ke da ƙarfin sayen injinta ba.

Tunda haka ne, gyaran ya kamata ya fara tun daga wurin tatsa, domin ƙwayoyin daga ƙasa, kashin shanu, makwanci da abincin dabbobi suke hawa hantsa su faɗa cikin madara. Saniyar da ta kwana a caɓi, aka tatse ta da asuba ba a wanke kan nono an goge shi da tsabtataccen ƙyalle ba, ta riga ta shigar da abin da injin dumamawa ba zai iya fitarwa ba. Manyan masana'antu suna rage su da abin tacewa mai ƙananan ramuka ko injin juyi mai ware ƙwayoyin daga madara, amma ruwa mai tsabta da busasshen makwanci sun fi araha nesa ba kusa ba. A ganina kamfanin da ke sayen madara daga rugage ya kamata ya ƙara farashi ga matar da ta kawo mai tsabta, domin wa'azi kaɗai ba ya sayen sabulu.

Wani zai ce yawancin lalacewar daga bututu da injin ɗura madara take zuwa, inda ƙwayoyi irin su Pseudomonas ke shiga bayan an gama dumamawa. Gaskiya ne, kuma wanke kayan aiki yadda ya kamata yana maganin wannan. Amma masana'antar da ta gama wannan gyara za ta tarar masu ɓawo suna nan suna jiran ta, musamman idan madarar ta doshi mako na uku.

Sai kuma sanyi, wanda a wurinmu shi ne babban rauni. Tsakanin digiri 4 da digiri 6 akwai tazara mai yawa a saurin hayayyafar waɗannan ƙwayoyi, balle firjin kanti da ake kashe wa janareta da dare don tsimin mai. Hukumomin da ke sa ido kan abinci ya kamata su riƙa shiga motar dakon madara da kantuna da ma'aunin zafi a hannu, su duba ko firjin yana riƙe digiri 4 dare da rana.