Ranar da Hajiya Babba ta zauna a hanyar Bichi

Motar da na gada wajen mahaifina Peugeot 504 ce, ƙirar 1983, cikin waɗanda aka harhaɗa a kamfanin Kakuri ta Kaduna da ya fara aiki tun 1975. A gidanmu Hajiya Babba ake ce mata. Injinta lafiya lau, ƙugu ne ya gaji. Baya ya zauna, hanci ya ɗaga sama kamar mai jin warin talaka. Da dare in na kunna fitila jemagun kan bishiya nake haskawa, ramin da ke gabana kuwa sai taya ta ba ni labarinsa. Salansa kuma babu tudun titin da ba ta gaisa da shi.

Na kai ta wajen tsohon bakaniken Baba. Ya danna bayanta, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Ɗana, sifirin ne ya mutu, shi ke ɗaukar nauyi. Shokazoba aikinsa kawai ya hana mota tsalle-tsalle in ta faɗa rami." Da ya faɗi kuɗin sifirin sai na ce zan dawo, irin dawowar mai cin bashi.

A majalisa wani abokina, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya ba ni sirri: akwai shokazoba mai ɗaukar kaya, wanda aka naɗa wa ƙaramin sifirin a jiki. Kana ɗaurawa mota za ta miƙe. Washegari na samo guda biyu 'yan Beljiyam, wani yaro a bakin titi ya ɗaura min yana ta ce min Alhaji, ni da ko filin jirgi rakiya kaɗai ke kai ni.

Ta miƙe kuwa, har ta wuce gona da iri. Baya ya koma sama, kai ya duƙa kamar kaza mai tsattsagar tsaba. Ga tauri: in na taka tsakuwa sai na ji ta a ƙashin bayana. Duk da haka sai da na bi ta gaban garejin tsohon nan sau biyu ina hon.

Ranar bikin ƙanwata a Bichi na tsaya Dawanau aka loda min buhun masara biyu a but, gwaggonnina uku suka cika kujerar baya. Ina tuƙi ina yi musu lacca a kan fasahar zamani. Ban kai aya ba muka faɗa wani rami, sai "gam!" Motar ta karkace hagu ta zauna.

Gwaggo babba, wadda ke ɓangaren, ta ce, "Kai ɗan nan, kada ka kuskura ka kalle ni. Ko karyawa ban yi ba." Sauran biyun suka kalle ta a madadina.

Na buɗe but. Kan shokazoba ya huda ƙarfen da aka ɗaure shi a jiki, ya shigo ciki, ya soke buhu. Masara na tsiyaya ta ramin zuwa kwalta, kajin ƙauyen har sun fara kiran dangi. Gwaggonni suka hau motar haya da goronsu, ni na kwana gadin rabin buhu.

Da aka jawo ta gareji, tsohon bai yi min faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya sa yatsa a ramin, tsatsa ta zubo kamar garin kuka. Ya ce wurin nan ba don ɗaukar nauyi aka yi shi ba, nauyin da ya kamata ya bi ta mazaunin sifirin ne na ɗora wa ƙarfen da ya haura shekara 40 yana shan damina. Ya lissafa min sifirin biyu, shokazoba biyu, da kuɗin mai walda.

Ina ƙirga kuɗin ya ce, "Ɗana, rannan na ji hon ɗinka sau biyu. Shi ma ya fara shaƙewa, a haɗa da shi?"