Hukumar koke-koke da tarkon wata 12

Mu ɗauki malamin firamare da ya ajiye aiki a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, garatutinsa ya maƙale. Abin da ya saba yi kowa ya sani. Zai je ofis a ce fayil ya tafi Birnin Kebbi, ya bi fayil a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Daga nan sai kamun ƙafa: kansila, hakimi, wani ɗan'uwan matarsa da ke aiki a sakatariya. Duk da baki ake yi, ba ko ƙyallen takarda. Sai bayan shekara biyu wani zai tuna masa cewa akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Ƙasa, wadda ake kira PCC, kuma ba a biyan ko sisi. Ranar da ya isa can, tambaya biyu za a fara yi masa: yaushe abin ya faru, kuma ina shaidar cewa ya rubuta wa ofishin da yake ƙorafi a kai? A kan waɗannan tambayoyi biyu koken bayin Allah da yawa ke mutuwa tun ba a buɗe masa fayil ba.

Hukumar ba sabuwa ba ce. Kwamitin Udoji da ya duba aikin gwamnati ne ya ba da shawarar kafa ta, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa ta da Doka ta 31 ta 1975, kuma marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, shi ya fara shugabantarta. Masana kan ce samfurin daga ƙasar Suwidin aka ɗauko, inda aka ƙirƙiri irin wannan ofis a 1809. Amma ga mutumin ƙasar Gwandu tunanin ba baƙo ba ne, domin littattafan fiƙihu sun daɗe da sanin ofishin mazalim, inda talaka ke kai ƙarar mai riƙe da mulki. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 315(5), ya sa dokar hukumar cikin dokoki huɗu da ba a taɓa su sai ta hanyar gyaran tsarin mulki, tare da dokar mallakar ƙasa da ta bautar ƙasa da ta hukumomin tsaro. Majalisar Tarayya ce ke naɗa babban kwamishina da kwamishina ɗaya a kowace jiha, wa'adinsu shekara 3, ana iya sabuntawa sau ɗaya.

Hurumin da doka ta ba ta ya fi yadda mutane ke zato faɗi. Tana iya bincikar ma'aikatar tarayya, ta jiha, ƙaramar hukuma, jami'a, asibitin gwamnati, har da kamfani mai zaman kansa muddin yana da rajista. Ba sai an ci hanci ba. Matakin da ya saɓa wa doka, ko aka gina shi kan kuskure, ko ya zama danniya, ko aka yanke shi ba tare da gamsasshen bayani ba, duk ya shiga. Dakatar da albashi ba takardar tuhuma, riƙe sakamakon ɗalibi, tsallake mutum a ƙarin girma, soke takardar fili ba sanarwa, ƙin biyan haƙƙin mamaci ga magadansa: irin aikinta ke nan.

Yadda ake shigar da koke ba wuya. Ana rubuta wasiƙa zuwa ga kwamishinan hukumar na jiha a Birnin Kebbi. A sa cikakken suna, adireshi da lambar waya, sunan ofishin da ake ƙorafi a kai, abin da ya faru bi da bi da ranakunsa, sannan a faɗi abin da ake nema ƙarara. "A bi mini haƙƙina" ba buƙata ba ce da jami'i zai iya aiki da ita. "A biya ni albashin Maris zuwa Yuli da aka riƙe" ita ce buƙata. A haɗa da kwafen takardun ɗaukar aiki, na tabbatarwa, na ƙarin girma na ƙarshe, na ajiye aiki, da bayanan asusun banki da ke nuna watan da kuɗi ya daina shiga. Takardun asali su zauna a gida. Wanda bai iya boko ba ya je da bakinsa, ya nemi a rubuta, a karanta masa kafin ya dangwala. Kuma kada a ƙara gishiri, domin dokar ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya, babu zaɓin tara, ga wanda ya shirga ƙarya da gangan a cikin kokensa.

Idan koken ya karɓu, za a buɗe fayil a ba shi lamba, a miƙa wa jami'in bincike. Wannan lambar ita ake riƙewa, da ita ake bibiya. Jami'in zai rubuta wa ofishin da ake zargi ya nemi nasa bayanin, kuma doka ta ba ofishin kwana 30 ya amsa. Kwamishina na da ikon shiga ofis ya duba takardu, yana da ikon aika sammaci a rubuce. Sau da yawa akan zaunar da ɓangarorin biyu a teburi ɗaya, kuma a nan ne mafi yawan amfanin hukumar yake. Fayil ɗin da aka ce ya ɓace yakan bayyana idan wasiƙa mai hatimin tarayya ta tambaye shi, saboda yanzu akwai wanda zai sa hannu a kan amsa da sunansa.

To ina tarkon? Yana cikin sashe na 6 na dokar, inda aka jera abin da hukumar ba za ta taɓa ba. Wasu na da hujja: maganar da ke gaban kotu, ko gaban Majalisar Tarayya, ko wadda mai koke ba shi da ruwa da ita kai tsaye. Amma akwai sharuɗɗa biyu da ke karo da juna. Na farko ya ce sai mai koke ya ƙure duk hanyoyin da ke akwai na neman gyara kafin ya zo. Na biyu ya ce idan an wuce wata 12 daga ranar da abin ya faru, ƙofa ta rufe. Wato doka ta ce ka bi layi, sannan ta ce idan layin ya yi tsawo laifinka ne. Wa ke tsawaita layin? Ofishin da ake ƙorafi a kai. Jami'in da ya iya jeka-ka-dawo na shekara guda ya tsira ba tare da ya musanta komai ba.

Wannan ya fi cutar da mu fiye da wasu, saboda tarbiyyarmu. An koya mana mahaƙurci mawadaci, an koya mana cewa rubuta wa na gaba takardar ƙorafi rashin kunya ne. Ga kuma nisa. Mutumin Ribah ko Wara ko Kamba sai ya auna kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi sau biyu sau uku kafin ya tashi, watanni na ta wucewa yana jiran gawon shanu.

Mafitar da ke hannun mai koke ita ce ya mayar da haƙurinsa rubutacce. Tun satin farko ya rubuta wa shugaban ofishin, ya yi kwafi biyu, ya kai rajista, wato sashen karɓar wasiƙu na ofishin, ya tsaya sai an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa kwafin. Idan an ƙi bugawa, ya aika ta gidan waya ko kamfanin kai saƙo ya ajiye rasit. Bayan wata ɗaya ya aika tuni. Idan wata uku suka cika shiru, wasiƙu biyu masu hatimi hujja ce mai ƙarfi da zai nuna wa kwamishina cewa ya bi hanya ta toshe, domin dokar ta bar wa kwamishina ne ya auna ko an ƙure hanyoyin. Idan kwamishina ya ƙi karɓar koke, wajibi ne ya faɗi dalili, don haka a nemi dalilin. Mai tunanin zuwa kotu kuma ya ga lauya da wuri: dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata 3 ga ƙararraki da dama, kuma babu inda dokar hukumar ta ce kai koke yana tsayar da wannan lissafi.

Saura maganar ƙarfi, kuma a nan masu suka suna da gaskiya. Hukumar shawara take bayarwa, ba hukunci ba. Tana iya cewa a sake duba magana, a gyara ko a soke mataki, a canza ƙa'ida, a ba da cikakken dalili, ko a ladabtar da jami'i. Idan ta ga laifi sai ta miƙa wa masu gurfanarwa. Wanda ya ƙi ba ta bayani kuwa, hukuncinsa tarar naira 500 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. A 1975 naira 500 dukiya ce. Yau ko kwanon shinkafa ba ta saye a kasuwar Argungu.

Wasu na ganin a ba ta ikon kotu kawai a huta. Ban yarda ba. Ranar da shawararta ta zama hukunci, kowace ma'aikata za ta zo da lauya, a shiga ɗage zama da ɗaukaka ƙara, talakan da ba shi da uwa a gindin murhu ya rasa wuri ɗaya da yake zuwa kyauta. Gyaran da ake bukata ya fi haka sauƙin faɗi: a fara ƙirga wata 12 daga ranar da ofis ya ba da amsar ƙarshe a rubuce, a ɗauki shirun wata uku a matsayin ƙin amsawa, a ɗaga tara ta yi zafi a aljihun jami'in da kansa. Tunda dokar na manne da tsarin mulki, gyaran zai bukaci amincewar majalisun jihohi 24, don haka 'yan majalisar dokokin Kebbi na da ƙuri'a a ciki.

Kafin wannan, akwai abin da ba ya jiran Abuja. Shugaban ma'aikatan jiha na iya fitar da takardar umarni guda ɗaya: duk wasiƙar hukumar a amsa ta cikin kwana 30, kuma duk rajista ta buga wa mai kawo ƙorafi hatimin karɓa. Majalisar jiha kuma tana da kwamitin koke-koken jama'a da zai iya gayyatar kwamishinan hukumar sau ɗaya a shekara, ya karanta sunayen ma'aikatun da suka yi biris da wasiƙunsa, a gaban manema labarai, a watsa a rediyo da Hausa yadda za a ji shi har Zuru da Yawuri.