Cire Wa Yaro Lafiyayyen Haƙori Don Gyaran Jeri: Inda Na Yarda Da Inda Nake Turjewa

A gida ƙasar Hausa ba a cire haƙori sai ya hana mutum barci. Sai kunci ya kumbura, an cusa kanumfari, an kurkure da ruwan gishiri, abin ya ci tura, sannan a nufi asibiti ko wurin wanzami. Shi ya sa idan likitan gyaran jerin haƙora a nan Ingila ya ce wa uwa Bahaushiya za a cire wa 'yarta mai shekara 12 haƙora huɗu, lafiyarsu ƙalau, ba rami ba ciwo, sai ta ji kamar an ce a yanke wa yarinyar yatsu. Na san iyaye cikin 'yan uwanmu mazauna nan da suka tashi daga gaban likita ba su ƙara komawa ba. Ban goyi bayansu ba, ko da yake akwai wurin da ni ma nake turjewa.

Matsalar ta wuri ce. Haƙoran nono 20 ne, na girma kuma 32 idan sun cika, ga su manya. Bayan famfara, idan muƙamuƙi bai wadata ba, sai su hau juna. Fiƙar sama takan makara wajen fitowa, sai ta tarar an cinye mata wuri, ta ɓullo can saman dasashi ta zama haure. Likita yakan ɗauki hoton ƙashi, ya auna ƙarancin wurin da milimita. Idan bai wuce milimita 4 ba, yawanci ba a cire komai. Akan ɗan faɗaɗa jerin ko a goge gefen haƙoran kaɗan. Idan ya kai 10 ko ya haura, da wuya a kauce wa cirewa. Abin da aka fi cirewa su ne ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, kowanne faɗinsa kamar milimita 7. Wayar ƙarfe da ake ɗaurawa a baki ce ke jan sauran haƙoran su rufe wurin, galibi cikin wata 18 zuwa 24, kuma ba a barin giɓi. Idan aka nace sai an jera haƙora a inda babu wuri, gaba za su yi, su fita daga tsakiyar ƙashin da ke riƙe da su, dasashi ya iya janyewa. A irin wannan hali na yarda a cire.

Su kansu Turawa sun daɗe suna wannan gardamar. Edward Angle, Ba'amurken da ake ɗauka uban wannan fanni, ya haramta wa ɗalibansa cire haƙori a farkon ƙarni na 20. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi koyarwar, ya ga haƙoran marasa lafiyarsa suna komawa gidan jiya, sai ya sake yi musu aikin tare da cire ƙananan turame huɗu, ya nuna sakamakon a 1940. Daga nan cirewa ta zama yayi, daga baya kuma ta ragu sosai. Wato ko a tsakanin likitoci, hannun wani ya fi na wani saurin kai wa ga filaya.

A Ingila hukumar lafiya ta NHS tana yin aikin kyauta ga 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai an auna tsananin matsalar a wani ma'auni mai hawa biyar. Hawa na 4 da na 5 suna shiga, na 3 sai munin ya fito fili, sannan a bi layin jira mai tsawo. A Najeriya ƙwararrun ba su da yawa, sun taru a manyan asibitocin koyarwa da masu zaman kansu a birane irin su Kano, Abuja, Legas da Ibadan, kuma daga aljihu ake biya. Yaron ƙauye da haurensa zai girma, ya yi aure, ba wanda ya damu.

Inda nake turjewa shi ne lokacin da dalilin cirewa ba cunkoso ba ne, sai dai wai baki ya turo gaba. Ma'aunan fuska da aka daɗe ana koyarwa, irin na likita Ba'amurke William Downs na 1948, a kan fararen fata 'yan Amurka aka gina su. Shi Downs matasa 20 kacal ya auna. Mu kuwa a halittarmu haƙoran gaba da leɓɓa sun fi na Bature turowa, kuma wannan ba cuta ba ce. Idan yaro yana rufe leɓɓansa ba tare da wahala ba, yana tauna lafiya, jerinsa bai hau juna ba, don me za a zare masa haƙora huɗu a mayar da bakinsa ciki? Haka wushirya. A Kano ko Zinder yarinya mai wushirya ado take da shi, sai ta yi dariya a ce tubarkalla. A nan cikin jerin abubuwan da za a rufe ake rubuta ta, sai dai idan iyaye sun buɗe baki sun ce a bar ta. Likitocin kirki sun san wannan bambanci, amma ba kowa ke tuna shi ba. Don haka ka tambaya: milimita nawa ne ƙarancin? Idan ba a cire ba, me zai faru? Ina fuskar za ta koma? Kuma a sani, bayan an cire waya akwai robar da ake sawa da dare, shekara da shekaru, in ba haka ba haƙora su sake karkacewa.

Mu ma muna da namu sakacin, kuma ya fi ci mini rai. Turmin nono ya ruɓe saboda alawa da lemon kwalba, sai a ce a fizge shi kawai, ai wani zai fito. Alhali shi ke tsare wa na girma wuri har yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Idan ya fita da wuri, turmin baya sai ya matso ya cinye gurbin, cunkoson da za a zo ana kuka da shi daga baya ya samo asali. Ingila ma ba ta tsira ba, domin ruɓewar haƙori ce kan gaba cikin dalilan kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibitocinta. Ciko idan an kama abin da wuri, ko ɗan ƙarfen da ke tsare gurbin idan cirewa ta zama dole, kuɗinsu bai kama ƙafar na waya ba.