Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne

A Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, idan mutum ya daina fita kasuwa, ya bar tuwo ya huce a kwano, ya kwana ido biyu, sai ka ji ana cewa tawakkali ya rasa, ko sammu aka yi masa. Wannan magana nauyi kawai take ƙara masa. Masu sahun gaba a masallaci ma suna kamuwa da ciwon damuwa.

A 1917 Sigmund Freud, likita ɗan Ostiriya, ya gwada ciwon da zaman makoki. Mai makoki ya san abin da ya rasa. Mai wannan ciwo kuwa sau da yawa bai san me ya kuɓuce masa ba, sai fushin ya juyo kansa, ya dinga cewa shi ba shi da amfani. Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, yana ganin kuzarin mutum ne ya janye can cikin zuciya, inda wani abu da aka danne yake neman a saurare shi, ko auren da aka haɗiye baƙin cikinsa, ko sana'ar da aka ɗora wa mutum dole.

Neman wannan ma'ana ba ya hana magani. Idan abin ya wuce mako 2 a ga likita, in kuwa ya fara zancen mutuwa, a kai shi asibiti a ranar.