Saura hoto bakwai, amma waɗanne bakwai?

Abin da ya fi ƙona min rai game da manhajar gyaran hoto da nake biya wa kuɗi duk wata shi ne shirunta. Na yarda na'ura tana samun cikas, intanet yana yankewa, kwamfutocin kamfani ma suna iya tsayawa. Amma a ce ka gama gyaran hotuna, ka zuba su a albam ɗin da ka raba wa mutane ta intanet, sai wata 'yar alama ta yi ta juyi a saman allo tun safe har dare, ba ta gama ba, ba ta kuma ce ta kasa ba? Wannan wulaƙanci ne. Ta rubuta maka cewa saura hoto bakwai a daidaita, wato a sa abin da ke intanet ya zama iri ɗaya da na kwamfutarka. Ka dawo da yamma, saura bakwai. Ka kwana ka tashi, bakwan nan dai suna nan. Waɗanne bakwai ne? Me ya tare su? Ko uffan.

Kai kuma ba kai kaɗai kake jira ba, shi ya sa abin yake da ciwo. Ka riga ka tura wa mai aiki, wato wanda ya ba ka aikin hotunan, mahaɗin albam. Ya buɗe a wayarsa, ya kira ka: "Malam, ai waɗannan ba a taɓa su ba, fuskokin duk duhu ne." Kana riƙe da waya a kunne, kana kallon hoton nan a kwamfutarka fes, haske ya zauna, launi ya fito, ka yanke gefen da ya karkace. Shi kuwa ɗanyen hoton yake gani. Da wane baki za ka yi masa bayani? Ba ruwansa da wani rumbun intanet, wato kwamfutocin kamfanin da ake ajiye hotunan a kai. Abin da ya sani shi ne ka ce ka gama, ya duba ya ga ba haka ba. Mutuncinka ne yake zubewa, kamfanin da ya jawo abin yana can bai ma san ana yi ba.

Sai da na tona da kaina na gane yadda abin yake tafiya, don ba wanda ya yi min bayani. Irin waɗannan manhajoji ba sa taɓa asalin hoton da kyamara ta ɗauka, wato fayil ɗin RAW. Duk gyaran da ka yi, ƙarin haske ne ko rage ja ko yanke gefe, ana rubuta shi ne a matsayin umarni, a adana a kundin bayanan manhajar ko a wani ɗan fayil na XMP da ke zama kusa da hoton. Saboda haka idan ka sa hoto a albam na intanet, aƙalla abu uku ne za su yi tafiya: hoton kansa ko ƙaramin kwafinsa, umarnin gyaran, da bayanin cewa hoto kaza yana cikin albam kaza a gurbi kaza. Kowanne yana iya isa ya bar 'yan uwansa a hanya. Hoto ya isa, gyara bai isa ba, mai aiki ya ga ɗanye. Suna ya isa, hoto bai isa ba, ya ga akwati mai ruwan toka babu komai a ciki. Waɗanda suka tsara wannan sun fi kowa sanin inda yake sarƙewa, amma suka zaɓi su nuna mana alama guda ɗaya mai juyi.

Ga kuma batun nauyi. Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabayit 25 zuwa 30. Hoto 1,000 daga taro guda ya zama gigabayit 25 ke nan ko fiye. Yawancin layukan intanet na gida sun fi saurin saukewa a kan ɗorawa nesa ba kusa ba. Idan saurin ɗorawarka megabit 5 ne a daƙiƙa (megabit takwas ne ke yin megabayit ɗaya), lissafi ya nuna sai ka yi kusan awa 11, in har layin bai yanke ko sau ɗaya ba. To me zai hana manhajar ta faɗa maka haka tun farko? Jinkiri daban, maƙalewa daban, amma a kan allo kamanninsu ɗaya, sai ka rasa ko haƙuri za ka yi ko tashi za ka yi ka nemi gyara.

Dalilan maƙalewar kuma ba wasu abubuwan ɓoye ba ne. Fayil guda ya lalace tun daga katin kyamara, sai ya tsaya a gaban layi ya tare na bayansa. Bidiyo ne da aka ɗauka da tsarin da rumbun bai karɓa. Wurin ajiyar da ka saya ya cika. An matsar da folda daga wajen manhajar, ko an zare faifan ajiya na waje, manhajar tana neman hoton a inda ba ya nan. A waya kuwa, da ka fita daga manhajar tsarin tattalin batir yake danne ta, ko kuma an saita ta kada ta ɗora komai sai da Wi-Fi. Wani lokacin agogon kwamfuta ne ya kauce, wani lokacin VPN ne, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban, ko manhajar tsaro ta toshe hanya. Wallahi mafi yawan waɗannan, manhajar tana sane da su a daidai lokacin da suka faru. Layi ɗaya na rubutu ya isa: fayil kaza bai tafi ba saboda kaza.

Idan ka gaji ka rubuta wa masu kula da abokan hulɗa, amsar a haddace take. Fita daga asusunka ka sake shiga. Share tarkacen wucin gadi. Cire manhajar ka sake sakawa. Ka yi duka, ka koma, wani sabon mutum ya karɓe ka ya sake karanto maka daga farko. Daga ƙarshe su kawo babbar shawararsu: ka goge duk abin da ke rumbun intanet ka fara daidaitawa daga tushe. Kamar ka kira magini ya toshe maka yoyon rufi ya ce a rushe ɗakin. Ba sa gaya maka abin da zai bi ruwa. Albam ɗin da aka sake ginawa sau da yawa da sabon mahaɗi yake zuwa, wanda ka tura wa mutane ya mutu. Hotunan da mai aiki ya zauna ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, da bayanan da ya rubuta a ƙarƙashinsu, suna iya tafiya tare da tsohon albam. Sai ka koma kana roƙonsa ya sake zaɓe.

Nan ne ma haɗarin ya fi girma, kuma ina so duk mai wannan sana'a ya ji da kyau. Daidaitawa ba ajiyar kariya ba ce. Aikinta shi ne ta sa ko'ina ya zama iri ɗaya, don haka abin da aka goge a wuri guda ana iya goge shi a ko'ina. Maɓallin cire hoto daga albam da na goge shi gaba ɗaya suna zaune kafaɗa da kafaɗa, da kalmomi masu kama da juna. Kwandon shara na rumbun ma ba ya riƙe abu har abada, akwai wa'adi. Haka nan idan kai da abokin aikinka kuka gyara hoto ɗaya, kai a kwamfuta shi a waya, galibi gyaran da ya isa daga baya shi ne yake hawa kan na farko, ko kuma ka wayi gari da kwafi biyu uku na hoto guda. Ba a tambaye ka wanne kake so ba. Aikin awa guda ya ɓace ba sallama.

Yanzu kafin in taɓa komai sai na kwafe asalin hotunan da kundin bayanan zuwa wani faifai daban da ba ya haɗe da rumbun. Sannan in dakatar da daidaitawa, in raba albam gida biyu, in saki rabi in ga ko zai wuce, in sake raba rabin da ya tsaya, har in cafke fayil ɗin da ya tare hanya. In cire shi, in fitar da shi a matsayin JPEG, in mayar. Kafin in tura wa kowa mahaɗi kuma sai na buɗe shi a wata na'urar da ban shiga asusuna ba, in ga abin da baƙo zai gani da idona. Dabarar tana aiki, amma tana cin yini, kuma aikin kamfanin ne nake yi musu bayan na biya su.

Duk sabuntawa sai sun zo da sabon maɓalli mai canza sararin sama ko goge mutum daga hoto. Ban roƙi wannan ba. Ku ba mu jerin fayilolin da suka maƙale, kowanne da sunansa da dalilinsa. Ku sa fayil guda da ya lalace ya koma gefe sauran su wuce. Idan gyara biyu suka yi karo, ku nuna min su duka in zaɓa. Kuma kada ma'aikacinku ya sake ce wa wani ya goge rumbunsa ba tare da ya fara tambayarsa ko yana da kwafi a wani wuri ba.