Maldives ba ƙasar holewa ba ce kawai

Jama'a, yawancin mu nan Abuja in aka ce Maldives abin da ke zuwa mana shine ɗakunan nan na kan ruwa da Turawa kwance bakin teku, sai a ɗauka wajen sharholiya ne na masu kuɗi kawai. Wallahi ba haka bane. Ƙasar tsibirai ce a Tekun Indiya, kuma ta Musulmi, tun shekarar 1153 sarkinsu ya musulunta, kuma a dokarsu ma sai Musulmi ne ke zama ɗan ƙasa. A Male, babban birninsu, akwai tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, da aka gina da duwatsun murjani tun ƙarni na 17, har yanzu yana nan.

Tsibiran sun kusa 1,200 amma kusan 200 ne mutanen gari ke zaune, su waɗancan otal-otal masu tsada kowanne tsibirinsa daban, can ne ake sayar da giya, a cikin gari haramun ce. Kuma tun 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe masaukin baƙi a tsibiransu, shi ya sa a irin su tsibirin Maafushi zaka samu ɗaki mai sauƙi, ka ci kifin tuna da kwakwa, ka ji kiran sallah sau biyar, ruwan kuma shine dai wannan garai-garai ɗin da kake gani a Instagram.