Joe Jackson ya karɓi kuɗin, a daina wanke shi

Tun ranar 13 ga Mayun 2025, da Rob Manfred, shugaban babbar hukumar wasan besbol ta Amurka, ya cire sunayen mamata daga jerin waɗanda aka haramta wa wasan har abada, wasu suka samu bakin magana, suna ta yaɗa cewa wai an wanke Joe Jackson, ɗaya daga cikin 'yan wasan Chicago White Sox takwas da aka kora kan badaƙalar sayar wa 'yan caca gasar ƙarshe ta 1919, wai gaskiya ta yi halinta bayan fiye da shekara ɗari. Ba a wanke kowa ba. Abin da Manfred ya yanke shi ne cewa haramcin yana ƙarewa da mutuwar mutum, tunda wanda ke kabari ba zai iya sake cutar da wasan ba, kuma kowa ya san saboda Pete Rose, shahararren ɗan wasan da aka haramta wa wasan kan caca, aka yi hakan, Jackson da abokansa na Chicago White Sox ta 1919 albarkacinsa suka ci. Amma jiya sai ga wani ya rubuta dogon bayani yana kiran Jackson mutumin da aka fi zalunta a tarihin wasanni, mutane kuma suna ta yaba masa. To, ni dai abin ya ishe ni.

Jackson ya karɓi dala 5,000 daga kuɗin 'yan caca. Ba maƙiyansa ne suka faɗa ba, shi da bakinsa ya faɗa, bisa rantsuwa, a gaban kwamitin binciken kotu a Chicago ranar 28 ga Satumban 1920. Ya ce an yi masa alkawarin dala 20,000, abokin wasansa Lefty Williams ya kawo masa 5,000 kawai, kuma ƙorafin da ya yi shi ne ba a cika masa sauran ba. Albashinsa na shekarar gaba ɗaya dala 6,000 ne, saboda haka kada wani ya ce ɗan abin shan ruwa aka ba shi.

Ya kamata a tuna irin ƙungiyar da aka sayar. White Sox ce ta ɗauki kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta zakarun besbol, a 1917, sannan a 1919, ƙarƙashin mai horarwa Kid Gleason, ta ci wasa 88 ta faɗi 52 a kakar da aka rage zuwa wasa 140 saboda ba a daɗe da gama yaƙin duniya na farko ba. Eddie Cicotte shi kaɗai ya ci wasa 29 a matsayin mai jefa ƙwallo, Williams ya ci 23, ga Eddie Collins, ga Ray Schalk, ga Jackson kansa, wanda ko shahararren ɗan wasa Babe Ruth ya yaba da salon bugunsa. Mutanen kudancin Chicago, waɗanda da yawansu ma'aikatan mayanka ne da masana'antu, sun biya kuɗinsu duk tsawon bazara suna kallon waɗannan mutane, sai da aka zo inda wahalar za ta yi rana, wato World Series da Cincinnati Reds, ɗan wasansu Chick Gandil ya haɗa kai da Sport Sullivan da Abe Attell da sauran 'yan caca, da kuɗin da ake dangantawa da babban ɗan caca Arnold Rothstein na New York, aka sayar da su. A wasan farko Cicotte ya jefi Morrie Rath na Cincinnati Reds da ƙwallo a baya, wadda ita ce alamar da aka shirya cewa ciniki ya faɗa, aka kuwa lallasa Chicago da ci 9 da 1. Williams ya faɗi duka wasanni uku da ya fara, Reds ta ɗauki kofin da wasa 5 da 3. Jackson yana cikin filin duk wannan lokaci, ya san abin da ake yi, kuma yana da rabonsa a ciki.

Na san amsar da ke tafe, domin kullum ita ce. Za a ce ai ya yi bugu mai kyau sau 12 cikin 32, ya fi kowa a ƙungiyarsa, kuma shi kaɗai ne a gasar ya buga ƙwallon da ta tsallake shinge. Madalla da wannan bajinta. Sai dai a duba lokacin da aka yi ta. A wasanni biyar na farko, waɗanda Chicago ta faɗi huɗu a cikinsu, babu maki ko ɗaya da ya shigo ta dalilin bugunsa, duka shidan da ake lissafa masa a wasanni uku na ƙarshe suka zo. Ita kuma ƙwallon da ta tsallake shingen, a wasa na takwas ya buga ta, bayan an riga an zuba wa Chicago 5 da nema. Amma ko da a ce lissafin ya goyi bayansa ɗari bisa ɗari, ba zai sauya komai ba. Maigadin da ya karɓi kuɗin ɓarayi, ya ga an fasa shago, sannan da safe ya ce ai shi duk dare bai runtsa ba kuma ya hura usur sau 12, ba wanda zai sake ba shi gadi. Ya karɓi kuɗin, kuma bai mayar ba.

Sai a koma kan Charles Comiskey, mai ƙungiyar, a ce rowarsa ce ta jefa su. Wannan labari ya yi ƙarfi ne ta hanyar littafin Eliot Asinof na 1963, Eight Men Out, da fim ɗin da aka yi da shi a 1988, har da tatsuniyar cewa Comiskey ya sa a ajiye Cicotte don kada ya ci wasa na 30 ya karɓi ladan dala 10,000. Masu binciken tarihin wasan da suka duba takardun kwantiragin lokacin sun gano cewa albashin White Sox yana cikin mafi tsoka a rukuninsu a 1919, labarin ladan kuwa ba shi da tushe. Ba na cewa Comiskey waliyyi ne. Ya ji ƙishin-ƙishin tun ana cikin gasar, ya yi shelar tukuici ga mai kawo hujja, amma ya sake ɗaukar bakwai daga cikin takwas ɗin a 1920 domin yana son kofi. Kuma tsarin da ya ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya ɗaya, ba shi da ikon tafiya wani wuri sai an sayar da shi, zalunci ne a fili. To amma Schalk a ƙarƙashin wannan tsarin yake, abokin wasansa Dickie Kerr ma haka, su me ya hana su miƙa hannu?

Batun kotu kuwa abin dariya ne. Gaskiya ne ranar 2 ga Agustan 1921 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun sallame su, bayan takardun da ke ɗauke da amsa laifin sun yi ɓatan dabo daga ofishin masu gabatar da ƙara, kuma a daren aka ga masu yanke hukuncin da waɗanda ake tuhuma suna shagali a gidan abinci ɗaya. Abin da aka tuhume su da shi haɗa baki ne don damfara, domin a jihar Illinois ta lokacin babu dokar da ta haramta faɗuwa wasa da gangan. Washegari Kenesaw Mountain Landis, shugaban hukumar wasan na lokacin, ya kore su duka takwas, kuma a ganina wannan shi ne aiki mafi kyau da ya yi, ko da yake mutum ne da ba na ganin girmansa, tunda a zamanin shugabancinsa ba a bar baƙar fata ko ɗaya ya buga babban wasa ba. Masu son kafa hujja da kotu su ƙarasa labarin mana: a 1924 Jackson ya kai ƙarar ƙungiyar a Milwaukee yana neman albashinsa, ya ba da labarin da ya saɓa wa wanda ya bayar a 1920, alƙali ya soke nasarar da aka ba shi, ya kuma sa aka tsare shi bisa zargin rantsuwar ƙarya.

Ana kuma cewa bai iya karatu da rubutu ba, tun yana yaro yake aiki a masaƙa a South Carolina, wayayyu ne suka yaudare shi. Wannan yana sosa mini rai da gaske, kuma ina jin tausayin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsaron kanti a Greenville har ya mutu a 1951, alhali yana cikin waɗanda suka fi iya bugu da aka taɓa yi. Amma cin fuska ne ga duk wanda bai je makaranta ba a ce rashin karatu yana hana mutum sanin dalilin da ya sa aka kawo masa dala 5,000 a ɗakin otal. Idan akwai wanda ya cancanci a tsaya masa, abokin wasansa Buck Weaver ne, wanda ya zauna a taron ƙulla makircin amma bai karɓi ko sisi ba, ya buga wasansa tsakani da Allah, aka kore shi saboda ya yi shiru, ya yi ta roƙon a mayar da shi har ya mutu a 1956. Shi ba a cika yi masa dogon rubutu ba. Haka kuma ba mai tuna cewa Reds ta ci wasa 96 a wannan kakar, fiye da Chicago, amma aka bar tauraronta Edd Roush da abokansa da kofin da kowa ke yi wa kallon kyauta.

Shi kuwa Dickie Kerr, ɗan gajeren sabon ɗan wasan da ya ci wasa na uku da ci 3 da nema, ya sake cin na shida, alhali rabin waɗanda ke tsaye a bayansa an saye su, ladan da ya samu shi ne jayayya da Comiskey kan albashi a 1922. Da suka kasa daidaitawa ya tafi ya yi wasa da ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin hukumar, aka dakatar da shi, bai dawo ba sai 1925, lokacin hannun ya riga ya mutu. Daga baya ya zama mai horarwa a ƙananan ƙungiyoyi, kuma a Daytona Beach a 1940 shi ne ya riƙe wani matashin mai jefa ƙwallo da ya ji rauni a kafaɗa, ya ƙarfafa masa gwiwa ya mayar da hankali kan bugu. Matashin nan shi ne Stan Musial, wanda ya zama babban tauraron wasan, ya sa wa ɗansa na fari sunan Kerr, daga baya kuma ya saya wa Kerr gida a Houston.